Gano Dalilin Ƙin Tashin Mota a Lokacin Hunturu

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta kaɗo daga Sahara, koke-koken ƙin tashin mota da asuba sukan yawaita. A wannan lokaci ma'aunin zafi kan sauka kusa da digiri 10 kafin fitowar rana a sassa da dama na Arewa, a kan tsaunukan Jos da Mambila kuwa yakan yi ƙasa da haka. Wannan bai kai sanyin ƙasashen Turai ba, inda ruwa ke daskarewa, amma ya isa ya tona asirin duk wani ɓangare na mota da ya riga ya yi rauni. A ƙauyen da mota ɗaya ce ake dogaro da ita wajen kai mai naƙuda asibiti, ƙin tashinta da tsakar dare ba ƙaramin al'amari ba ne. Shi ya sa muka tanadi wannan bayani domin direbobi, da masu motoci a karkara, da jami'an ƙananan hukumomi masu kula da motocin asibiti da tankokin ruwa da taraktoci.

A fara da saurare

Kafin a buɗe bonet, a murɗa makulli a kasa kunne. Ko dai injin bai juya ba sam, ko ya juya da ƙyar, ko kuma ya juya da ƙarfi amma ya ƙi kamawa. Na farko da na biyu matsalar wuta ce ko ta baƙin mai. Na uku kuwa ya shafi mai da iska da filogi. Wanda bai bambance waɗannan ba, shi ne yakan sayi sabon batir alhali laifin na filogi ne.

Batir da kik

Mafi yawan ƙin tashi da safe daga batir yake. Sanyi yana rage hanzarin sinadaran da ke samar da wuta a cikinsa, a daidai lokacin da injin ke buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya juya. Sau da yawa zafin bazara ne ya riga ya ƙone ruwan batirin ya raunana shi, hunturu ya zo ya bayyana ɓarnar.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a kunna fitilun gaba sannan a buga kik. Idan hasken ya dushe ƙwarai, ko aka ji ƙara tana maimaituwa, ƙas-ƙas-ƙas, to batir ya yi sanyi ko kuma kawunansa ba su kama da kyau ba. A duba ko sun saki, ko farin gari ya taru a kansu. A fara cire wayar da ke da alamar ragi, a wanke kawunan da ruwan ɗumi, a goge da burushin ƙarfe, a mayar a ɗaure tam. Mun sha ganin motar da aka ce batirinta ya mutu ta tashi bayan wannan ɗan aiki kawai. Idan kuwa fitilu sun ci gaba da haske sosai amma injin bai motsa ba, a karkata ga kik ɗin kansa, ko fis, ko wayoyin makulli. Mota mai canza giya da kanta ba ta tashi sai sandar giya tana kan P ko N.

Inda akwai mitar awon wuta, lafiyayyen batir da ya kwana a huce yakan nuna kusan volt 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Yayin buga kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Bayan injin ya tashi kuma, a ga wajen 13.8 zuwa 14.5; ƙasa da haka yana nufin altaneta ba ta caji yadda ya kamata, ko fambel ya saki, kuma sabon batir ma zai mutu cikin 'yan kwanaki. Batirin da ake buɗewa ana ƙara masa tataccen ruwan batir ne kawai, ban da ruwan rijiya.

Wajen jona waya daga wata mota, ja yana tafiya daga alamar tarawa zuwa alamar tarawa. Baƙi kuwa daga alamar ragi ta lafiyayyen batir zuwa jikin ƙarfen injin da ya ƙi tashi, nesa da batirinsa, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta. Turi yana tayar da mota mai kuloci, a giya ta biyu, amma ba ya aiki ga mai canza giya da kanta.

Baƙin mai ma yana da nasa rabon. Yakan yi kauri da sanyi, musamman wanda ya daɗe ba a juye ba. A lamba irin 15W-40 ko 5W-30, adadin da ke gaban harafin W shi ke nuna saukin gudanarsa cikin sanyi: ƙaramin adadi, saurin gudana. A bi abin da littafin motar ya ƙayyade.

Idan injin yana juyawa amma ya ƙi kamawa

Fetur ba ya saurin zama tururi cikin sanyi, don haka injin mai sanyi yana son mai fiye da kima. A tsofaffin motoci masu kafireta, irin su Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, cok ne ke wannan aiki: a ja shi, a taka totur sau ɗaya ko biyu, sannan a buga. Yawan taka totur yana jiƙa filogi. Idan aka ji warin fetur, a dakata kamar minti 10, sannan a danne totur har ƙasa a buga ba tare da sakinsa ba.

Motoci masu injekta ba sa buƙatar totur. Da an murɗa makulli zuwa matakin da fitilun dashbod ke kamawa, za a ji gunjin famfon mai na ɗan lokaci daga wajen tanki. Rashin jinsa yana nuni ga famfon ko fis ɗinsa. Akwai kuma 'yar na'ura mai auna zafin ruwan injin, wadda ke sanar da kwamfutar mota cewa a ƙara mai. Idan ta lalace, mota takan tashi lafiya da rana ta ƙi da asuba, kuma gano wannan aikin bakanike ne mai na'urar bincike.

A ciro filogi a duba. Jiƙaƙƙe yana nuna mai yana zuwa, wuta ce babu. Busasshe ƙarau bayan an yi ta bugawa yana nuna mai ne bai iso ba. Kada a manta da matatar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe da sauri a hanyoyin burji.

Injin gas

Injin gas ba shi da filogin tartsatsi. Zafin iskar da aka matse ne ke kunna man, kuma ƙarfe mai sanyi yana shanye wannan zafi. Saboda haka aka sanya wa da yawa daga cikinsu hita. A murɗa makulli, a jira fitilar da ke kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu, sannan a buga; da sanyi mai tsanani a maimaita sau biyu. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas daga salansa yana nuna mai na shiga amma ba ya kamawa, kuma galibi hita ɗaya ko biyu ne suka ƙone. Rashin hayaƙi gaba ɗaya yana nufin mai bai iso ba: wataƙila iska ta shiga bututu, ko matatar mai ta toshe, ko ruwa ya taru a ƙasanta. Man da ake saye a jarka ya fi zuwa da ruwa da datti, tankin da ya kwana kusan wayam kuma yakan tara raɓa.

Muna jan hankalin direbobi game da wasu halaye masu haɗari. Hura wuta a ƙarƙashin injin domin ɗumama shi, da zuba fetur a bakin shigar iska, suna haddasa gobara da ƙuna. Kada a bar injin yana aiki a rufaffen gareji, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba marar wari wadda ke kisa. Kada kuma a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 a bugu ɗaya. A huta rabin minti zuwa minti ɗaya. Idan an gwada sau huɗu ko biyar bai kama ba, a tsaya a nemi dalili.

Ga jami'an da ke kula da motocin hukuma, muna ba da shawarar a auna kowane batir, a juye baƙin mai, a sauya matatar iska da ta mai tun cikin watan Oktoba. Motar asibitin da ba ta fita kullum a riƙa tayar da ita ana zagayawa da ita na kamar rabin awa a kowane mako, a ajiye ta da mai a tanki da wayar jona batir a ciki, a kuma rubuta ranar sayen batirinta a littafin motar.