Daga sakandare zuwa aiki: Abin da doka ta tanadar wa ɗalibai masu buƙata ta musamman

A Babban Birnin Tarayya, Abuja, akwai makarantun gwamnati na musamman, kamar Makarantar Kurame da ke Kuje da Makarantar Makafi da ke Jabi. Sai dai babban ƙalubalen yana zuwa ne bayan kammala sakandare, lokacin da ɗalibi zai nemi abin dogaro da kai.

Dokar Haramta Nuna Wariya ga Nakasassu ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin karatu kyauta har zuwa sakandare. Ta kuma wajabta wa hukumomin gwamnati ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda nakasarsa. Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ita ke sa ido kan aiwatar da dokar.

Ga mai son ci gaba da karatu, JAMB na shirya wa makafi jarrabawa ta musamman tun 2017. Mai son sana'a kuwa, yana iya neman horo a hukumomin NDE da ITF.

Wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar don gyara gine-ginen jama'a ya cika a Janairun 2024, amma har yanzu ofisoshi da dama ba su da hanyar keken guragu ko tafintan kurame. Don haka, yana da muhimmanci iyaye da malamai su fara tsara wa ɗalibi makomarsa tun kafin ajin ƙarshe.