Ramin Kuza da Tokar Juji: Dabarar Masu Lambu a Bukuru

Wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi da rani zai ga tsoffin ramukan kuza cike da ruwa, injin ban-ruwa na kuka a bakinsu, fangalin kabeji da karas da latas sun kewaye su. Kamfanonin Turawa ne suka haƙa ramukan tun farkon ƙarni na 20, cikinsu har da ATMN mai mazauni a Bukuru. Da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, sai aka bar gari da ramuka da ƙasar da aka birkice. Masu lambu suka mayar da wannan kufai abin ci, har kayansu na kaiwa Abuja da Legas.

Hujjar wannan maƙala ita ce, sabuwar dabara mai ɗorewa a sana'ar abincin Bukuru ta riga masana isa gona, kuma aikin da ya rage shi ne a tsare ta daga lalacewa.

Ruwa kaɗai bai isa ba, domin ƙasar tudun Jos mai tsami ce, ga ƙarancin taki. Manoma suka gano maganin a juji. Suna sayen tokar sharar gari tifa-tifa, su gauraya ta da kashin kaji da ɗan takin zamani. Toka na kashe tsamin ƙasa, kashin kaji na ba ta ƙarfi, kuɗin buhun taki kuma ya ragu. Binciken da Margaret Pasquini da Michael Alexander na Jami'ar Durham suka wallafa a 2004 ya tabbatar da amfanin tokar, ya kuma nuna cewa ingancinta na bambanta ƙwarai daga wannan juji zuwa wancan. Kashin kajin ma yana da asali a masana'anta: kamfanin Grand Cereals da ke shataletalen Zawan yana sarrafa masara da waken soya ya yi abincin kaji na Vital Feed, kaji su ci, abin da suka fitar ya koma lambu. Zagaye ne cikakke, irin wanda ƙasashen Turai ke kashe maƙudan kuɗi don su gina.

A nan damuwata take. Jujin da manoman farko suka sani tokar murhu ce, da ɓawon doya, da ganyen da aka naɗe tuwo. Na yau kuwa, in ka tsuguna ka damƙi tokar, za ka ji ƙullutun leda da ta narke, fasasshen gilashi, wani lokaci har mataccen batir. Batir na ɗauke da ƙarafa masu guba, latas kuma ɗanye ake cin sa. Ruwan wasu ramukan shi ma yana buƙatar awo, tunda ƙasar kuza na tafe da ma'adanai irin su monazait masu fitar da tururin nukiliya.

Za a iya cewa mafita ita ce a hana tokar gaba ɗaya. Ban yarda ba. Manomin da aka hana toka ba zai iya cike gurbinta da takin kanti ba, sai dai ya rage fangali, ko ya ci gaba da saye a ɓoye ba mai dubawa. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba shara tun daga kasuwa. Ruɓaɓɓen kayan gwarin da ake zubarwa kullum a kasuwannin Kugiya da Farin Gada shi ne mafi tsabtar abin yin taki, muddin ba a haɗa shi da leda ba. 'Yan bola-jari sun riga sun iya tsince ƙarfe da roba. A biya su su tsince batir kafin a cinna wuta. Jami'ar Jos kuma tana da ɗakunan gwaji da ɗaliban da za su iya auna ruwan kowane rami sau ɗaya a farkon rani, a kafe sakamakon da Hausa da Birom a bakin ramin, inda mai injin zai gani kafin ya jefa tiyo.