Babannin Fadar Abuja da Sirrin Sinadarin Maza

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bi hanyar Suleja zuwa Minna sai ya ratsa garin Izom, daura da kogin Gurara. Da yawa daga cikinmu mukan wuce ba tare da sanin gurbin da garin yake da shi a tarihin sarautar Zazzau ba. Bayan da mayaƙan jihadi suka karɓe birnin Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka a Zuba. A shekarar 1825 aka kashe shi a fagen fama kusa da Lapai. Ragowar rundunarsa ta ja da baya zuwa Izom, inda aka naɗa ɗan'uwansa Abu Ja, wanda ya kafa garin Abuja a 1828, wato garin da muke kira Suleja a yau.

Waɗannan mutane sun baro gidajensu da gonakinsu, amma sun taho da tsarin sarautarsu cif. A cikin wannan tsari akwai manyan muƙaman da ba a bai wa kowa sai babanni, wato mazan da aka cire wa maraina tun suna yara. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi tarihin waɗannan bayin Allah, ta kuma jera shi da abin da ilmin likitanci ya gano game da sinadarin testosteron, domin mu ga abin da sinadarin yake yi a jikin namiji da kuma inda ikonsa ya tsaya.

Babanni a fadojin ƙasar Hausa

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarkin Nufe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau babanni 40 da goro 10,000, ya kuma danganta shigowar babanni ƙasar Hausa da zamaninta. Haka nan ya bayyana cewa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara ɗora babanni a kan muƙaman gudanar da mulki.

Game da Abuja kuwa, muna da cikakken bayani a littafin tarihin da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda Frank Heath ya fassara zuwa Ingilishi a 1952, sai kuma nazarin M. G. Smith a kan mulkin Zazzau, na 1960. Bayanan sun nuna cewa manyan 'yan majalisar sarki huɗu ne: Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu. Madawaki, shugaban mayaƙa, ɗa ne, sauran ukun kuwa babanni ne. Galadima shi ke riƙe da gari idan sarki ya fita yaƙi, kuma a hannunsa sha'anin aure da sunan 'ya'yan sarki yake. Wambai yana da hannu a bikin suna da kula da cikin gidan sarki. Dallatu shi ke gina masaukin sarki a sansanin yaƙi, ya kuma yi a can irin aikin da Galadima ke yi a gida.

Dalilin wannan tsari a fili yake. Mutumin da ba zai haihu ba, ba zai kafa gidan da zai yi jayayya da gidan sarauta ba. An raba shi da danginsa tun yana yaro, saboda haka ba shi da madogara sai sarki. Ta haka sarki yake samun wanda zai taka wa Madawaki burki, ya kuma bar gari da iyali a hannunsa hankali kwance.

Sai dai bai kamata rawani da alkyabba su rufe mana ido ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan manyan fadawa ya fara ne a matsayin yaron da aka kama, aka yi wa aika-aikar da ba ya da ikon ƙi, kuma yara da yawa sun mutu a wajen yankan, saboda zubar jini da ruɓewar rauni. Ƙasar Bagarmi, a Chadi ta yau, ta yi ƙaurin suna a wannan mugunyar sana'a a ƙarni na 19. Musulunci ya haramta yi wa ɗan Adam fiɗiya, amma fadoji daga Istambul har zuwa Sudan ta Tsakiya sun ci gaba da sayen waɗanda wasu suka riga suka yanka. Al'adar ta mutu ne da mutuwar bauta: Turawa sun ci Abuja a 1902, aka kuma soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya a 1936. Sarautun suka koma hannun 'ya'ya, har shi kansa Malam Hassan, ɗan gidan sarautar Abuja, ya riƙe sarautar Dallatu daga baya.

Daga garke zuwa ɗakin bincike

Tun kafin a san sunan wani sinadari, makiyayanmu sun san cewa akwai wani sirri a maraina. Sun san bambancin bajimi da furtumi, da na bunsuru da taure: wanda aka dandaƙe yakan yi sanyin hali, ya tara kitse, ya daina bin mata. Haka mutanen fada suka san cewa wanda aka yanka kafin balaga ba ya fid da gemu, muryarsa ba ta buɗewa.

Masana a Turai sun bi wannan sawu ne da gwaji. A 1849 Arnold Berthold, a garin Gotingin na Jamus, ya fiɗiye zakaru, sai tukkunsu suka ƙi girma, suka daina cara da faɗa. Da ya dasa wa wasunsu marainan a cikin ciki, sai suka girma kamar kowane zakara. Wannan ya nuna cewa maraina suna zuba wani abu a cikin jini. A 1889 wani dattijon likita a Faris, Brown-Séquard, mai shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan marainan karnuka da na wasu ƙananan dabbobi, ya yi shelar cewa ƙarfinsa ya dawo. Jama'a suka yi ca a kan maganin, alhali abin da ke cikinsa bai kai ya yi wani tasiri ba. Sai a 1935 ne ayarin Ernst Laqueur a Amsterdam ya tace ainihin sinadarin daga marainan bijimai, aka raɗa masa suna testosteron. A wannan shekarar Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka gano yadda ake harhaɗa shi a ɗakin bincike, aka kuma ba su lambar Nobel a 1939.

A yau mun san cewa wata 'yar ƙwaya da ke gindin ƙwaƙwalwa ita ke aika wa maraina umurnin samar da sinadarin. Shi ke buɗe murya a lokacin balaga, ya fito da gemu, ya gina tsoka, ya ƙarfafa ƙashi, ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, ya tayar da sha'awa, ya kuma taimaka wajen samar da maniyyi.

Abin da jikin babanni ya koya wa likitoci

Likitocin da suka duba babannin fadar Sin da na Daular Usmaniyya a farkon ƙarni na 20 sun tarar da alamomi iri ɗaya: ƙashi mai rauni, da ranƙwafewar baya, da girman nono, da motsewar furostat, wato ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Wanda aka yanka kafin balaga yakan yi dogayen hannuwa da ƙafafu, domin ƙasusuwansa ba sa daina tsawo da wuri, kuma ba ya yin sanƙo. Sanin alaƙar furostat da maraina shi ya kai Charles Huggins na Jami'ar Chicago ga nunawa a 1941 cewa rage sinadarin yana dakushe kansar furostat. Ya sami lambar Nobel a 1966, kuma har yanzu ana amfani da wannan hanya.

A 2012 wasu masana a Koriya suka bi kundin tarihin babanni 81 na tsohuwar fadar ƙasarsu, suka ga cewa matsakaicin tsawon ransu shekara 70 ne, wato sun ɗara takwarorinsu da shekara 14 zuwa 19, kuma uku sun kai shekara 100. Wasu masanan sun ja hankali cewa irin rayuwar fada da yadda aka tattara sunayen suna iya shafar wannan sakamako. Duk da haka binciken ya ƙara nuna cewa sinadarin yana da amfani, yana kuma da farashi.

Darasi ga mazan yau

Sinadarin yakan fara raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara bayan namiji ya wuce shekara 30 zuwa 40, kuma wannan ɗabi'ar jiki ce. Abubuwan da ke sauke shi fiye da kima sun haɗa da ƙiba, da ciwon suga, da ƙarancin barci, da hangum idan ya sauka a maraina bayan balaga, da shan ƙwayoyi irin su taramol da kodin, waɗanda suka addabi matasanmu har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Ƙarancinsa na haƙiƙa ciwo ne mai magani, amma ba a tabbatar da shi sai da gwajin jini da safe, aƙalla sau biyu, tare da alamomin ciwon.

Wanda ya yi wa kansa allurar sinadarin ba tare da gwaji ba yana iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago. Idan ƙwaƙwalwa ta ji sinadarin ya yawaita a jini sai ta janye umurninta, maraina su motse, maniyyi ya ragu, mai neman ƙarfi ya wayi gari yana neman haihuwa. Jini ma yakan yi kauri. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan maza fiye da 5,000 masu ƙarancin sinadarin, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa maganin bai ƙara yawan bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, amma an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da daskarewar jini a huhu. Waɗannan kuwa mutane ne da likitoci ke sa wa ido, ba masu saye a bakin tasha ba.

Kammalawa

Tarihin da ya ratsa ta Izom ya bar mana shaidar da ba a samu a ɗakin bincike. An raba Galadima da Wambai da Dallatu na wancan zamani da gemu da zuriya da ƙarfin ƙashi, kuma wannan zalunci ne da ba mai iya wanke shi. Amma da hankalinsu da amanarsu aka riƙe masarautar da ta tsare kanta daga 1828 har zuwa 1902. Sinadarin yana da iko a kan tsoka da murya da haihuwa, sai mu kula da shi ta hanyar ilmi da shawarar likita. Hangen nesa da riƙon amana kuwa, waɗanda Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, babannin Abuja sun nuna cewa ba daga maraina suke fitowa ba.