Niklaus Wirth da Harshen Pascal

Kwamfuta ba ta jin Turanci, balle Jamusanci. Wanda duk ke son ya sa ta aiki, wajibi ne ya rubuta umarninsa cikin wani ƙagaggen harshe mai nahawun kansa, sa'an nan wani tsari, wanda za a iya kira tafinta, ya juya shi zuwa lambobin da injin ke ganewa. Cikin malaman da suka ƙaga irin waɗannan harsuna, kaɗan ne suka kai Niklaus Wirth.

An haife shi a Winterthur, ƙasar Suwizalan, cikin 1934. Ya karanta injiniyancin lantarki a Zurik, ya sami digirin dakta a Berkeley ta Amurka cikin 1963, kana ya koyar a Jami'ar Stanford.

A wannan zamani ne aka sa shi cikin kwamitin masana na ƙasashe da aka ɗora wa nauyin sabunta harshen ALGOL 60. Wirth ya kawo shawara mai sauƙi, kwamiti ya ture ta, ya zaɓi wani tsari mai sarƙaƙiya wanda ya zama ALGOL 68. Wannan kuwa bai yi nisa ba, domin bayanin nahawunsa ya gagari har ƙwararru da yawa. Abin da ya saba faruwa ke nan idan kowane ɗan kwamiti ya nace sai an cusa nasa.

Shi kuwa Wirth sai ya koma gida, ya zama shehun malami a babbar makarantar fasaha ta ETH da ke Zurik cikin 1968. Cikin 1970 ya fito da Pascal, ya raɗa masa sunan Blaise Pascal, masanin lissafi Bafaranshe. Ɗalibai ya yi wa shi. Tilas mai rubutu ya bayyana irin kowane abu tun farko, lamba ce ko harafi, don tafinta ya kama kuskure kafin aiki ya ɓaci. Jami'o'i suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Aka soki Pascal da cewa bai isa manyan ayyuka ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Wirth ya amsa da Modula-2, daga baya kuma Oberon, wanda a cikinsa abin da ya zubar ya fi abin da ya ƙara. Ko ɗaya bai sami kasuwar Pascal ba.

An ba shi lambar yabo ta Turing cikin 1984. Ya yi ritaya cikin 1999, ya mutu ran 1 ga Janairu, 2024.