Yaƙin Kirsimeti: Wane Ne Ya Kunna Wutar?

Da asubahin ranar 25 ga Disamba 1985, sa'ad da jama'a ke shirin bikin Kirsimeti, sojojin Mali suka kai hari kan iyakar Burkina Faso ta arewa. Jiragen sama kuma suka jefa bama-bamai a kasuwar Wahiguya. Labarin ya girgiza unguwar Ouidi da ke cikin Wagadugu, domin ta arewa ake kawo shanu, ta can kuma fatake ke bi zuwa Mali. An yi kwana biyar ana yaƙi. Shekaru sun wuce, amma gardama ba ta ƙare ba: Shugaba Toma Sankara ne ya jawo yaƙin, ko kuwa kawo masa shi aka yi?

Tushen rigimar wani zirin ƙasa ne da ake kira Agasher, mai tsawon kimanin kilomita 160. Faransa ce ta bar tushen wannan rikici. A 1932 ta rushe mulkin Volta ta Sama ta rarraba ƙasarta, a 1947 ta sake haɗa ta, taswirori da takardun iyaka kuma suka saɓa wa juna. A 1974 ƙasashen biyu suka gwabza a karo na fari. Sankara yana ƙaramin hafsa a lokacin, a can ne kuma sunansa ya fara fita.

Labarin da aka fi sani a Burkina shi ne, Shugaba Musa Traore na Mali ne mai laifi. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Mali ce ta fara harbi, sojojinta kuwa sun fi yawa da kayan yaƙi. Gwamnatin Traore tana fama da rashin kuɗi da gunagunin ma'aikata, yaƙi kuma yakan kawar da hankalin mutane daga yunwa. Waɗansu ma sun ce nufinsa shi ne ya ga bayan juyin juya halin Wagadugu.

Amma waɗansu masu nazarin tarihi sun sake duba watannin da suka gabaci harin. Sun nuna cewa a 1985 Sankara ya kori Drissa Keita, ɗan Mali mai riƙe da sakatariyar ƙungiyar CEAO a Wagadugu. A watan Satumba ya yi jawabi a bainar jama'a wanda Bamako ta ɗauka kira ne ga mutanen Mali su tayar wa shugabansu. Sa'an nan a Disamba, lokacin ƙidayar jama'a, ma'aikatan Burkina suka shiga ƙauyukan da ake jayayya a kansu, kamar Diyuluna, daga baya sojoji suka bi su. Masu wannan ra'ayi sun ce wanda ya tara itace ya zuba kananzir, ba zai wanke hannunsa ba don wani ne ya ƙyasta ashana.

Akwai abu guda da ɓangarorin biyu sukan manta. Tun Satumba 1983, wata guda bayan hawan Sankara mulki, ƙasashen biyu suka sa hannu cewa za su kai maganar Kotun Duniya da ke Hague. Wato shari'a tana gaban alƙali sa'ad da aka ɗauki bindiga. Bayan tsagaita wuta ranar 30 ga Disamba, shugabannin biyu suka sadu a Yamusukuro a Janairu 1986, suka yarda su janye sojoji. Ranar 22 ga Disamba 1986 kotu ta raba yankin, Mali ta sami yamma, Burkina ta sami gabas. Dukansu suka karɓi hukuncin. Abin da aka samu bayan zub da jini, da an yi haƙurin shekara guda da an same shi ba tare da kabari ko ɗaya ba.

An kashe Sankara ranar 15 ga Oktoba 1987, aka tumɓuke Traore a 1991. Ƙaunar da jama'a ke yi wa Sankara saboda riƙon amanarsa ta sa tambayar nan ta yi wa mutane da yawa nauyi a baki. Duk da haka gaskiya ba ta rage darajar mutum. Traore ne ya fara yaƙin, wannan laifi kuwa nasa ne. Sankara bai fara ba, amma yana da ikon tsare harshensa da janye mutanensa tun da wuri. Matan da suka je cefane kasuwar Wahiguya ba su san inda iyakar ta bi ba, su ne kuwa suka biya.