Savane: Faifan Ƙarshe na Ali Farka Touré

Savane faifan waƙoƙi ne na Ali Farka Touré, mawaƙi kuma makaɗin jita ɗan ƙasar Mali. Kamfanin World Circuit na Landan ya fitar da shi a watan Yulin 2006, wata huɗu bayan rasuwar mai shi, kamfanin Nonesuch kuma ya rarraba shi a Amurka. Waƙoƙi 13 ne a cikinsa. Shi ne aiki na ƙarshe da Touré ya kammala da sunansa shi kaɗai, kuma masu sharhin kiɗa da yawa sun ɗora shi a kan duk abin da ya yi a baya.

An haifi Ali Ibrahim Touré a 1939 a ƙauyen Kanau da ke yankin Tambutu, ya tashi a Niafunké, a bakin kogin Neja. Gidansu ba gidan roƙo ba ne, kuma a Mali, kamar a ƙasar Hausa, kiɗa sana'a ce da ake gada, don haka danginsa ba su yi maraba da abin da ya sa a gaba ba. Da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara. A 1956 ya ga Keita Fodéba na Gini yana kaɗa jita, daga nan ya koma kanta, yana ɗauko amon kayan gida yana zubawa a kan tsirkiyoyinta shida. Ya yi aikin naɗar sauti a gidan Rediyon Mali a shekarun 1970, lokacin da aka fara buga fayafayensa a Faris. Sunansa ya isa Ingila a shekarun 1980, sannan Talking Timbuktu, wanda ya yi da Ba'amurke Ry Cooder a 1994, ya ci lambar Grammy, ya kai shi kunnen masu sauraron rok da buluz a duniya.

Shahara ba ta riƙe shi a waje ba. Bayan faifan Niafunké na 1999 ya janye jiki daga yawon wasa, ya koma gonarsa ta shinkafa, yana cewa shi manomi ne kafin ya zama makaɗi. A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunké, inda ya riƙa sa kuɗin aljihunsa a gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da man injin wutar gari. Ana cikin wannan ne ya koma naɗar waƙa, a daidai lokacin da mutane suka ɗauka ya yi sallama da ita.

Mai shirya faifan shi ne Nick Gold, shugaban World Circuit a lokacin, Jerry Boys kuma ya kula da sauti. Sun kafa na'urorinsu a otal ɗin Mandé da ke gaɓar kogi a Bamako, aka mai da ɗaki situdiyo. Fayafaye uku suka fito daga wannan zama: In the Heart of the Moon na Touré da Toumani Diabaté, gwanin kaɗa kora, wanda ya fito a 2005 ya kuma kawo wa Touré Grammy ta biyu, Boulevard de l'Indépendance na ƙungiyar Diabaté, sai Savane a ƙarshe.

Abin da ya raba Savane da fayafayen baya shi ne ngoni. Wannan ƙaramin abin kiɗa ne mai ƙoƙon itace da aka rufe da fata, dangin molo da garaya, Fulani kuma suna kiran irinsa hoddu. Touré ya tara makaɗansa, cikinsu har da Bassekou Kouyaté da Mama Sissoko, ya sa su a tsakiyar kiɗan, jitarsa tana shiga tana fita a tsakaninsu. Akwai njarka, wadda Bahaushe zai gane ta a matsayin 'yar'uwar kukuma, akwai kiɗan ƙwarya da amshi irin na dandali. Baƙin da aka gayyato kaɗan ne, kuma ba a ba su gaba ba: Pee Wee Ellis, wanda ya yi wa James Brown busa, ya hura saksofon, Little George Sueref ya busa hamonika, ana jinta sosai a "Erdi", waƙar da ta buɗe faifan, Fain Dueñas na ƙungiyar Radio Tarifa ta Sifen ya taimaka da kiɗa. A Talking Timbuktu, jitar Mali ce ta je Amurka aka yi mata rakiya. A nan baƙin ne suka bi tsarin masu gida, kuma wannan juyi shi ne ƙashin bayan faifan.

Touré ya rera waƙoƙin da harsunan arewacin Mali, musamman Songhai, ɗan'uwan Zabarmanci, da Fulatanci. Fulatancin nasa na yankin Masina ne, wanda ya sha bamban da na Adamawa a lafazi da kalmomi, ta yadda mai sauraro a Yola ko Jimeta zai tsinci wasu kalmomi, wasu su wuce shi, ko da yake tafiyar hoddu da yanayin kirarin ba za su zame masa baƙi ba. Waƙar da faifan ya ci sunanta ita ce ta fita daban: da Faransanci aka yi ta, a hankali take tafiya, tana magana a kan barin gida zuwa Turai da halin da fari ya jefa ƙasar makiyaya. Sauran sun haɗa da "Beto", "Soya", "Penda Yoro", "Machengoidi", "Hanana", "Banga" da "N'Jarou".

Ciwon daji na ƙashi ya riga ya kama shi lokacin da ake ƙarasa aikin. Ya saurari faifan bayan an gama haɗa shi, ya amince da shi, kuma kamfanin ya ruwaito cewa ya ɗauke shi a matsayin mafi kyawun aikinsa. Ya rasu a Bamako a watan Maris 2006 yana da shekara 66, 'yan makonni bayan Grammy ɗinsa ta biyu, aka yi masa sutura a Niafunké.

Karɓar da faifan ya samu ba ta da kishiya a tarihin mai shi. Metacritic, mai tattara sharhin jaridu da mujallu yana fitar da maki, ya ba shi 94 cikin 100, abin da ya sa shi a sahun farko na duk fayafayen 2006, har da na rok da na pop. Ya hau saman jadawalin kiɗan duniya na gidajen rediyon Turai, ya zama faifan shekara a lambobin kiɗan duniya na BBC Radio 3 a 2007, an kuma sa shi a littafin 1001 Albums You Must Hear Before You Die. A Grammy ta 2007 ya shiga takara tare da M'Bemba na Salif Keita, amma ƙungiyar Klezmatics ta Amurka ce ta ɗauki lambar.

Faifan da ya fito bayan mutuwar mai shi yakan sha yabon ta'aziyya, kuma babu shakka alhini ya shiga alƙalamin wasu masu sharhi. Sai dai abin da aka fi yabawa a Savane ƙarfi ne: muryar ba ta raunana ba, kaɗa jitar ya fi na da kaifi, babu alamar mai bankwana a yawancin waƙoƙin. Inda sharhin Turawa ya gaza shi ne ma'aunin da suka ɗauka. Kusan kowa ya auna shi da buluz na kudancin Amurka, yana ambaton John Lee Hooker, kuma kamfanin da kansa ya ƙarfafa hakan, domin a bangon faifan an naɗa Touré sarkin mawaƙan buluz na hamada, ana kwaikwayon sunan faifan Robert Johnson na 1961. Touré ya daɗe yana musun wannan jeri. A ganinsa kiɗan yankinsa ne tushe, na Amurka reshe, kuma ya faɗi haka a fim ɗin Feel Like Going Home na Martin Scorsese a 2003. Kaɗan ne cikin masu sharhin suke jin Songhai ko Fulatanci, saboda haka an yi dogon bayani a kan amo, an taƙaita a kan abin da waƙoƙin suke cewa.

Wanda ya fi cin gajiyar faifan shi ne Bassekou Kouyaté. Ya kafa ƙungiyar Ngoni Ba, ya fitar da Segu Blue a 2007, ngoni ta zama abin da ake shirya wasa dominta a manyan dandalin Turai da Amurka. Daga baya an fitar da wasu naɗe-naɗen Touré: Ali and Toumani a 2010, wanda ya ci Grammy, da Voyageur a 2023. Ɗansa Vieux Farka Touré, tare da ƙungiyar Khruangbin ta Texas, sun sake kaɗa waƙoƙin mahaifin a faifan Ali na 2022, suka buɗe shi da waƙar "Savane".