Ganuwa ta faɗi, fada na tsaye

Sarki Tanimun, da ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da babbar ganuwa ta ƙasa. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka maida gwamnati Yamai a 1926. Ganuwa ta rushe, sai kufai ya rage. Fada kuwa tana nan, don ba a daina gyaran ta ba.

A Kano, Gidan Makama na zamanin Sarki Rumfa, ginin ƙasa irin namu, an gyara shi ya zama gidan tarihi. Ƴan uwa, tsofaffin gidajen Birni masu zane suna jiran hannunmu. Mu fito gayyar yaɓe tun ruwa bai sauka ba.